KALMAR BAREWA: MA'ANARTA DA TARIHIN AMFANI DA ITA

Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin kalma guda, watau barewa, don a ga abin da Bahaushe yake nufi da ita tun asali, da irin kayan da aka ɗora mata daga baya, da kuma halin da take ciki a bakin mutanen yanzu. Za a taɓo takwarorinta na Larabci da na harsunan Turai, domin ta hanyarsu ne wasu daga cikin sababbin ma'anonin suka shigo. Wani zai ce kalma ɗaya ta yi kaɗan a tara mutane dominta. Amsar ita ce, akwai yara da yawa a biranenmu waɗanda idan aka ce Barewa, makaranta kawai suke ganewa, akwai kuma masu fassara da suke liƙa sunan ga dabbar da ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Kalmar da dabbar

A nahawu, barewa suna ne na jinsin mace, jam'inta kuwa bareyi. Sauyin da aka samu na w zuwa y a gaban wasalin i ba baƙon abu ba ne a Hausa, shi ne dai wanda ake ji a ɓarawo da ɓarayi. Namijinta yana da sunansa daban, kishimi, kamar yadda tunkiya take da rago, akuya kuma take da bunsuru. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa dabba ce da Hausawa suka sani ƙwarai, don ba a ware wa namijin dabba suna sai an saba ganinta ana bambancewa. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 duk sun kawo kalmar, kuma a lokacin da aka tattara su ba a rasa maharbin da zai nuna wa mai tambaya fatarta ko ƙahonta.

Dabbar da mutumin Kano ko Katsina ko Gobir ya fi sani da wannan suna ita ce mai jan goshi. Tsayinta a kafaɗa bai cika wuce santimita 70 ba, nauyinta kuma yana tsakanin kilo 25 da 30. Bayanta ja-ja ne, cikinta fari, da siririn baƙin zane a haƙarƙari wanda ya raba launukan biyu. Idan aka nausa arewa, wajen Damargu da Azbin, sai a tarar da ƙanwarta mai launin yashi, wadda ba ta kai ta girma ba, wadda kuma takan yi dogon lokaci ba ta sha ruwa ba, tana wadatuwa da danshin ganye da raɓa. A duka biyun, mace da namiji suna da ƙaho, sai dai na macen ya fi siranta. Sukan ɗauki ciki wata shida ko kusa da haka, su haifi ɗa guda.

Barewa ba ita kaɗai ba ce a dawa, kuma Bahaushe bai taɓa rikita ta da sauran ba. Yana da gada, 'yar ƙarama mai kutsawa cikin sarƙaƙiya. Yana da batsiya da mazo da kwanta-rafi da gwambaza, yana da kanki, yana da mariri na bakin hamada, sa'an nan ga babbansu, gwanki, wanda ake yi wa kirari da sha bara saboda yawan maharban da suka auna shi suka rasa. Kowanne da wurin kwanansa, da irin sawunsa, da yadda ake farautarsa. Wannan jerin sunaye ilmi ne na mutanen da suke da Sarkin Baka da Sarkin Dawa, waɗanda makaɗan komo suke zugawa idan za a fita. A nan ya kamata a ja kunnen ɗalibai game da gada. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka gada dabba da gada ta ƙetare kogi suka zama kamar kalma ɗaya a takarda, alhali ta biyun aro ce daga Ingilishi, ta shigo tare da 'yan aikin hanyar jirgi da na titi. Gaɗa ta 'yan mata kuwa, harafinta ma daban ne.

Abin da Bahaushe ya gani a jikinta

Babbar shaidar da ake da ita a kan tsohuwar ma'anar kalmar ita ce karin maganar nan da kowa ya sani: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gudu ne aka ɗauko. Ba a ce komai a kan idonta ko wuyanta ba. Wanda ya fara faɗin wannan magana mutum ne da ya lura da dawa, domin ɗan barewa yakan miƙe a kan ƙafafunsa jim kaɗan bayan haihuwa, ba shi da wani lokaci na jan ciki irin na ɗan Adam. Amma maharbi ya san wani abu da karin maganar ba ta faɗa ba. A kwanakin farko uwar takan ɓoye ɗan a cikin ciyawa, ya lafe ko motsi ba ya yi, ita kuma ta yi nisa tana kiwo, sai lokaci-lokaci ta dawo ta shayar da shi. Gudun sai daga baya, bayan ya yi ƙwari ya fara bin ta.

Ana kawo wannan karin magana a wuraren yabo. Ɗan malami ya yi karatu, ɗan makaɗi ya ɗauki kalangu, 'yar mai sana'a ta gaji uwarta, sai a ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ana kuma kawo ta da gatse idan ɗan ɓarawo ya fara ɗauke-ɗauke. Ta dace da al'ummar da sana'a da sarauta suke bin gida-gida, inda maƙeri yake haifar maƙeri, mahauci yake haifar mahauci. Shi ya sa 'yan siyasa suke sonta idan za su tsayar da ɗan wani babban mutum takara. Sai dai mai hankali ya tuna da kwanakin nan na cikin ciyawa, don gado kaɗai bai taɓa koya wa kowa gudu ba, sai da reno da bin sawu.

Barewar Larabawa

Hausa ta ari kalmomi masu ɗimbin yawa daga Larabci. Joseph Greenberg ya yi nazarinsu a 1947, Mervyn Hiskett kuma a 1965, kuma duk wanda ya duba zai ga sun fi yawa a fannin addini da shari'a da karatu da ciniki: littafi, alƙalami, alƙali, riba, almiski. Sunan wannan dabba ba ya cikinsu. Dalilin a fili yake. Ana aron suna ne ga abin da ya zo daga waje, kamar raƙumi, wanda sunansa ya zo daga harshen Buzaye da danginsu tare da dabbar kanta. Barewa kuwa 'yar gida ce, tana da sunanta tun kafin littattafan su iso.

Abin da ya shigo ta hanyar littattafan shi ne wata sabuwar hanyar kallon dabbar. Balaraben hamada ya zauna da ita kamar yadda Bahaushe ya zauna da ita, amma shi idonta da wuyanta ya fi kallo. Sunanta na gaba ɗaya a Larabci zabyu ne, kuma daga nan aka samu sunan birnin Abu Dabi, watau mai barewa. Gazal, a wurin malaman lugga, asali sunan ɗanta ne sa'ad da ya fara tafiya, daga baya ya game duka. Suna da wasu sunayen na shekaru da na launi. Damiri, wanda ya rasu a 1405, ya kasa su gida uku a littafinsa Hayatul Hayawan: farare masu zama cikin yashi, da masu jaja-jaja, da masu dogon wuya na wajen duwatsu. Mufradin na farkon shi ne rim, wanda har yau Larabawa suke sa wa 'ya'yansu mata.

Duk almajirin da ya yi nisa a zaure ya gamu da wannan barewa. Imru'ul Ƙaisi ya kamanta wuyan masoyiyarsa da nata, ya kuma kamanta kwiɓin dokinsa da nata, watau ya haɗa kyau da gudu a waƙa ɗaya. Ka'abu ɗan Zuhairu, a waƙar Banat Su'adu da ya rera gaban Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wajen shekarar 630, ya buɗe ne da siffanta Su'adu da barewa mai sunkuyar da ido. A labarin Majnunu da Laila, an ce ya fanshi barewa daga hannun mai tarko ya sake ta, don idanunta sun tuna masa da na Laila. Nau'in waƙar soyayya kansa sunansa gazal, da gajeren wasali, kuma baƙaƙensa uku su ne na sunan dabbar. Daga waɗannan baƙaƙe ne kuma aka samu kalmar kaɗin zare da ta mazari. Malaman lugga sun yi ta kai da kawowa a kan dangantakar waɗannan ma'anoni. Haka suka yi saɓani a kan laƙabin Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111: wasu sun ce daga sana'ar kaɗin zare ne, wasu sun ce daga sunan wani ƙauye ne na ƙasar Ɗusa. Ko ta wace hanya ce, Bahaushen da aka raɗa wa suna Gazali don malamin aka sa masa, ba don dabbar ba.

Ba a waƙa kaɗai take ba. A littafin Sira na Ibn Hisham an ba da labarin bareyi biyu na zinariya waɗanda ƙabilar Jurhum ta binne a rijiyar Zamzam, Abdulmuɗɗalib ya tono su sa'ad da ya sake haƙa rijiyar, aka ƙawata ƙofar Ka'aba da zinariyar. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito hukuncin Sayyidina Umar a kan mai harami da ya kashe naman dawa: fansar kura rago ne, fansar barewa akuya, fansar zomo 'yar akuya. Malamin da yake fassara wannan babi a zaure ba ya wahalar neman kalma, don almajiransa sun san dabbar da girmanta, sun kuma gane dalilin da ya sa aka auna ta da akuya. Akwai kuma labarin barewar da ta nemi Annabi ya sa a kwance ta ta je ta shayar da 'ya'yanta ta dawo. Alƙali Iyal ya kawo shi a cikin Asshifa, littafin da ake karantawa a masallatai da gidajen sarakunan ƙasar Hausa, ko da yake malaman hadisi sun yi suka a kan isnadinsa. Ta wannan labari barewa ta samu wata siffa a zukatan masu sauraro, ta uwa mai tausayi mai cika alkawari.

Akwai wata rikitarwa da ta taso tun daga can. Larabawa sukan ce almiski daga barewa yake fita. Dabbar da ake samun almiski a jikinta tana zaune ne a duwatsun Tibet da Himalaya da Sin, ba ta da ƙaho ko kaɗan, namijinta haure gare shi. An ba ta sunan ne don ta yi kama da wadda aka sani. Wannan ɗabi'a ta kiran baƙuwar dabba da sunan ta gida za a sake gamuwa da ita a Hausa.

Saboda haka idan mai karatu ya ga marubucin littattafan soyayya, irin waɗanda suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, yana yabon wuyan budurwa ko idonta da na barewa, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne wannan kamance ya biyo hanyar zaure ne da fassara, ya zo ya zauna a kan kalmar da asalinta ta maharba ce. Ba laifi ba ne. Kalma takan ƙara dukiya ta haka.

Yadda sunan ya shiga Turai

Wannan ɓangare ba ya buƙatar dogon bayani. Faransanci ya ari gazal daga Larabci tun ƙarni na 12, zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibi, Ingilishi kuma ya ɗauka daga Faransanci wajen shekarar 1600. Girkawa suna da tasu kalmar, dorkas, wadda take fassara sunan Tabita, matar nan ta garin Yafa da aka ambata a Ayyukan Manzanni, domin Tabita a harshen Aramiya barewa ke nan. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya ɗauki kalmar Girkancin a 1758 ya raɗa wa barewar hamada, amma ya jera ta cikin awaki. Sai a 1816 Blainville na Faransa ya ware musu rukuni na kansu da sunan Gazella. Mai jan goshi, watau tamu ta ƙasar Hausa, ba ta samu sunanta na kimiyya ba sai 1846, daga hannun J. E. Gray a Landan. Abin lura shi ne Turawa, da suka karɓi kalmar, gudun suka fi riƙewa. Da Wilma Rudolph ta Amurka ta ci lambobin zinariya uku a tseren Olimfik na Roma a 1960, jaridun Italiya baƙar barewa suka kira ta, Faransa kuma ta sa wa wani jirginta mai saukar ungulu wannan suna a shekarun 1960.

Kusa da gida, sunan Larabcin ya zauna a taswira. Akwai Baharul Gazal a Sudan ta Kudu, kogin da yake zuba a Farin Nilu, akwai kuma wani a Chadi, busasshen kwari da ya tashi daga Tabkin Chadi ya nufi arewa maso gabas, inda garin Musoro yake.

Makaranta da filin ƙwallo

A Nijeriya ta Arewa, babban abin da ya faru da kalmar a ƙarni na 20 shi ne zamanta sunan makaranta. An kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, aka yi ta sauya mata suna har 1971, lokacin da aka tsayar da Kwalejin Barewa, daga tambarin makarantar. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa sun yi karatu a cikinta tana Katsina, Shehu Shagari da Aminu Kano tana Kaduna, Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Zariya. Kamannin Barewa da Balewa kan ruɗi wasu su zaci akwai dangantaka. Babu. Tafawa Balewa sunan gari ne a ƙasar Bauchi, ana kuma danganta shi da kalmomin Fulfulde biyu masu ma'anar dutse da baƙi.

Da wuya a sami sunan da ya fi wannan dacewa da karin maganar da aka tattauna a baya. Makaranta ce da aka fara ta da 'ya'yan sarakuna da na manyan ma'aikatan En'e a gaba, ta kuma zama wurin da uba yake so ɗansa ya bi sawunsa. Amma gaskiya ta fi haka faɗi, don Abubakar Tafawa Balewa ba ɗan sarki ba ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fito suka yi fice, iyayensu ba su taɓa riƙe alli ba.

A Nijar wata 'yar'uwar barewa ce ta samu ɗaukaka. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, wadda ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, sunanta Mena, watau babbar barewar hamada mai farin jiki da jan wuya. Masu ihun wannan suna a filin wasa na Yamai sun ninka dabbar yawa nesa ba kusa ba, domin abin da ya rage nata a dawa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, a warwatse tsakanin duwatsun Tarmit da Azbin da tsakiyar Chadi.

Kalma ba dabba

A nan ne matsalar take. Noma ya cinye dazuzzukan da suke tsakanin garuruwa. Bindiga ta maye gurbin baka, mota mai shiga yashi ta sa gudun barewa ya daina cetonta. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun tura makiyaya da dabbobinsu cikin sauran wuraren da take fakewa. An yi dokoki, kamar dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, an kuma keɓe gandaye, irin su Gadabeji a ƙasar Maradi a 1955, da na Azbin da Tenere a 1988, da na Tarmit da Tin Tuma a 2012. Duk da haka hukumar duniya mai lura da halittu ta sa mai jan goshi da ta hamada cikin waɗanda suke fuskantar barazana, mena kuwa cikin waɗanda suke gab da ƙarewa.

Idan dabba ta ɓace daga idon mutane, sunanta yakan saki jiki ya fara ɗaukar abin da ba nasa ba. A littattafan yara da fassarar fina-finai da fassarar na'ura a intanet, barewa ta zama sunan kusan duk wata dabbar dawa mai siraran ƙafafu. An fi liƙa shi ga dabbar nan ta Turai da Asiya da Amurka mai ƙaho kamar reshen itace, har da wadda take jan keken ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Waɗannan dangi ne daban. Ƙahonsu ƙashi ne mai rassa, yana faɗuwa kowace shekara wani ya tsiro, a yawancinsu kuma namiji kaɗai ke da shi. Na barewa ba ya reshe, ba ya faɗuwa har ta mutu. Babu irin waccan dabba ko ɗaya da take 'yar asalin Afirka kudu da Sahara. Masu fassara na farko, irin waɗanda suka fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, suna da uzuri idan suka nemi sunan gida mafi kusa, don masu karatunsu sun san barewar gaske, ba za su ruɗe ba. Yaron yau hoton mai reshen ƙaho ya fara gani a waya da sunan barewa a ƙarƙashinsa, kuma babu maharbi a unguwarsu da zai gyara masa.

Sauran sunayen ma abin da ya same su ya fi muni, don su ba su samu makaranta ko karin magana mai farin jini da za ta riƙe su ba. A gwada tambayar ɗaliban aji ɗaya na jami'a bambancin mazo da batsiya, ko kanki da gwanki. Aikin da yake gaban sassan Hausa na jami'o'inmu shi ne su aika ɗalibai wurin tsofaffin maharban da suka rage a Zamfara da Borno da Damagaram da Adar, su rubuto sunayen da kirarinsu da siffar kowace dabba, a haɗa da hoto na gaskiya, a sa a ƙamus da littattafan firamare. Su kuma masu fassara su yarda su ƙirƙiro wa baƙuwar dabbar suna mai bayani, kamar yadda magabata suka yi da suka ce raƙumin dawa.

Labarin mariri ya nuna cewa irin wannan aiki ba adana kayan tarihi kaɗai ba ne. A shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a dawa gaba ɗaya, sai a gidajen namun daji da garkunan masu kiwo a ƙasashen waje. A 2016 aka fara kawo wasu daga Abu Dabi ana sakinsu a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na tsakiyar Chadi. Sun hayayyafa har suka kai ɗaruruwa, a watan Disamba na 2023 kuma aka cire su daga jerin waɗanda suka ƙare a dawa.